Tambayar keke a jarrabawar IELTS: yadda za ki gyara amsarki

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce, ina shirin IELTS, jarrabawar gwada ƙwarewa a Turanci, don neman aiki a Birtaniya. A wani gwajin magana an tambaye ni ko ina da keke lokacin ƙuruciya, na ce: "No, I don't have bicycle when I am small." Aka sake tambayata ko keke ya samu karɓuwa a ƙasarmu, na ce: "Yes, bike is very popular because many people are using it to go to work." Wanda ya gwada ni ya ce wannan ba zai kai ni maki 7 ba. Ni kuwa ban taɓa mallakar keke ba, to me zan faɗa? Wata ƙawata ta turo mini amsoshi a rubuce ta ce in haddace. In bi shawararta?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Wanda ya gwada ki ya faɗa miki gaskiya, amsoshin nan biyu ba za su kai 7 ba. Amma rashin keken ba shi ya ja ki baya ba, kuma hadda ba za ta fitar da ke ba. Abin da za ki faɗa yana nan cikin rayuwarki, kin dai rufe shi ne da kalmar "No" kika yi shiru.

Jarrabawar magana ta IELTS minti 11 zuwa 14 ce, kashi uku, kuma ana naɗar muryarki daga farko har ƙarshe. Tambayoyin keke irin waɗanda kika kawo na kashin farko ne, wanda ke ɗaukar minti 4 zuwa 5, inda ake taɓa abubuwan yau da kullum kamar gida da aiki da abinci da sufuri. Abu huɗu mai jarrabawa yake aunawa, kuma nauyinsu ɗaya: sakin baki da haɗuwar zance, yalwar kalmomi da iya sarrafa su, faɗin nahawu da daidaitonsa, sai lafazi. Hukumar NMC mai yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya tana neman 7 a magana da sauraro da karatu, 6.5 a rubutu. A cikin abu huɗun nan da mai jarrabawa yake aunawa babu inda aka ware maki don kin iya keke ko kin san tarihinsa. Keken dalili ne kawai na sa ki buɗe baki. Wanda ya tsara tambayoyin yana so ya ji ko za ki iya ba da labarin abin da ya wuce, ki faɗi abin da kike yi yanzu, sannan ki yi magana a kan jama'a gaba ɗaya. Shi ya sa tambayoyin suke zuwa a jere: kin taɓa samun keke kina yarinya, kina hawa yanzu, mutanen ƙasarku suna hawa. Lokuta uku ke nan aka ɗana miki, kuma a nan ne yawancin ɗalibanmu suke tuntuɓe.

Mu ɗauki amsarki ta farko. An tambaye ki a kan da, kin amsa da yanzu. Na san inda wannan ya samo asali, domin kusan duk Bahaushen da na koyar sai da muka yi fama da shi. A Hausa muna cewa "ba ni da keke yanzu", muna kuma cewa "ba ni da keke lokacin da nake ƙarama". Kalmomin "ba ni da" ba su motsa ba, sauran jimlar ce ta nuna lokaci. Haka nan "na tafi, nakan tafi, zan tafi": aikatau yana nan yadda yake, abin da ke gabansa ne ke sauyawa. Turanci kuwa a jikin aikatau yake ɗora lokaci, don haka dole "don't" ta koma "didn't", "am" ta koma "was". Ba jahilci ba ne, na tabbata da a takarda ne da kin rubuta daidai. Baki ne bai saba ba. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ki kasa kunne ga kalmar farko ta tambayar. In ya fara da "Did you", ya riga ya gaya miki duk abin da zai fito daga bakinki na da ne. In ya fara da "Do you" ko "Are", kina cikin yanzu.

Sai batun "ban taɓa mallaka ba". Malama, ko a gidan da yarinya ba ta hawa keke, da wuya a ce ta tashi ba ta san wani keke ba. Ki zauna ki tuna. Wataƙila akwai baƙin keken nan na Baba, Raleigh ko Phoenix, da ake jingine shi a zaure, wanda yaro bai isa ya taɓa ƙararrawarsa ba. Wataƙila yayanki ne yake ɗora ki a kariya ya kai ki makarantar allo, kina riƙe da rigarsa, ana ta gargaɗinki ki ware ƙafa kada waya ta kama miki diddige. Ko kin sha tsayawa kina kallon yaran unguwa sun tara 'yan kuɗinsu sun ɗauko keken haya, wanda ƙafarsa ba ta kai ba ya zura ta ta ƙarƙashin sandar tsakiya yana tuƙi a karkace, sauran suna bin sa a guje suna jiran layinsu. Ko mai facin bakin titi, da kwanon ruwansa da ya yi baƙi, yana tsoma robar taya kaɗan-kaɗan yana juyawa har sai ya ga inda kumfa ke tasowa, ya soka tsinke a wurin. Duk ɗaya daga cikin waɗannan ya ishe ki amsa. Ga misali:

"No, I never had one of my own. Where I grew up, it was mostly boys who rode bicycles. My elder brother had an old black one, though, and he used to carry me to school on the back of it."

In kuma kin ɗan taɓa gwadawa a tsakar gida:

"Not my own, no. But I used to borrow my cousin's during the holidays. I fell off several times before I finally learned to keep my balance."

Ki duba da kyau, babu kalma ɗaya a nan da ba ki sani ba. Abin da ya ɗaga amsar shi ne tsarinta: an amsa kai tsaye, an kawo dalili, an kawo wani ɗan abu na zahiri da kunne zai kama. An kuma samu jimloli masu rassa, irin "where I grew up" da "who rode bicycles" da "before I finally learned", waɗanda su ne ma'aunin nahawu yake nema a matakin 7. Jimla biyu zuwa uku, daƙiƙa ashirin ko kusa da haka, ta wadatar a wannan kashin. Kada ki mayar da ita lacca, akwai sauran tambayoyi a gaba.

Ki riƙe "used to" da kyau, domin ita ce ke ɗaukar abin da muke nufi idan muka ce "a da mukan yi kaza". Sai dai akwai tarko. A Turancin da muke ji a Najeriya mutum yakan ce "I use to go to work by bus" yana nufin abin da yake yi kullum har yanzu. A wurin mai jarrabawa wannan kuskure ne. "Used to" ta abin da aka daina ce. In har yanzu ana yi, "usually" za ki ce.

Amsarki ta biyu ta fi ta farko tsawo, amma ta fi ta rauni, kuma ina zargin ba keke kike nufi ba. A bakin 'yan Najeriya "bike" babur ne, ɗan acaɓa. A wannan rukunin tambayoyi kuwa keke ake nufi, na feda. Da kika ce mutane da yawa suna zuwa aiki a kansa, hoton da ke ranki na babura ne ko na kekuna? In babura ne, kin amsa tambayar da ba a yi miki ba. In kin ji shakka a ɗakin jarrabawa, ki faɗi "bicycle" a amsarki, in kuma babur za ki ambata ki ce "motorbike". Haka nan adaidaita sahu, kada ki ce "keke" a tsakiyar Turanci ki wuce, ki ce "tricycle", ko ki faɗi sunan namu ki bi shi da ɗan bayani. Iya bayyana abin gida ga baƙo da kalmominki yana cikin abin da ake ba wa maki.

Akwai gyara biyu na nahawu a jimlar. In ana magana a kan jinsin abu gaba ɗaya jam'i ake sawa, "bicycles are popular". Sannan "many people are using it" fassarar "mutane da yawa suna amfani da shi" ce kai tsaye. "Suna" tamu tana ɗaukar abin da ake yi a wannan lokacin da abin da aka saba yi, Turanci kuwa ya raba su, don haka al'ada "many people use them" ce.

Amma babban abin da ya rage wa amsar daraja shi ne ta yi wa ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 kuɗin goro. Ke kanki kin san ba haka abin yake ba. A ƙauye har gobe keke abin hawa ne na manomi da mai kai kaya kasuwa da malamin makaranta, a ɗaure buhu a baya a rataya galan a gaba. A birni kuwa ya ja baya tun da babura masu araha suka cika kasuwa. Akwai lokacin da sabon keke abin alfahari ne, har a yi masa ado da fitila da madubi, daga baya aka koma kallonsa a matsayin abin hawan wanda bai samu babur ba. Sannan abubuwa sun faru da suka sake juya lamarin. A Maiduguri an hana hawa babura a 2011 saboda matsalar tsaro, keke ya dawo ya cika titunan garin. A Kano an hana acaɓa a watan Janairun 2013, adaidaita sahu ya maye gurbinsa. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin da ya sa wasu suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Ba na cewa ki zuba wa mai jarrabawa shekaru da ranaku, ba ya bukatarsu, kuma neman tuno lamba yakan sa harshe ya sarƙe. Na kawo su ne don ki ga kina zaune a kan abin faɗa mai yawa. Ga yadda za a matse shi:

"It depends on where you live. In rural areas, a lot of farmers and traders still rely on bicycles because they're cheap to maintain. In the cities they're less common than they used to be, although some people have gone back to cycling since fuel became so expensive."

Wannan "it depends" ƙofa ce mai amfani ga duk tambayar da ta shafi jama'a, domin tana tilasta miki kwatanta abu biyu: birni da ƙauye, da da yanzu, yara da manya, maza da mata. Kwatanci kuwa shi ke jawo "less common than" da "although" da "whereas" ba tare da kin cusa su da ƙarfi ba. Sai dai kada ki buɗe kowace amsa da ita, kunne yana gajiya.

A kashi na uku, inda ake tattaunawa ta minti 4 zuwa 5 a kan batun da ya danganci katin da aka ba ki ki yi magana a kansa a kashi na biyu, in sufuri ya faɗo ana iya tambayarki me ya sa wasu ƙasashe suka fi wasu hawa keke, ko me gwamnati za ta yi don ƙarfafa shi. A nan amsa takan fi tsawo, kuma ra'ayi da hujja ake so. Misalin da kowa ya sani shi ne Holan, inda kekuna suka fi mutane yawa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, kuma an ware wa masu keke hanyarsu daban da ta motoci. To ai Kano ma shimfiɗaɗɗiya ce, me ya hana? Zafin watan Afrilu da yakan haura digiri 40, rashin hanyar da mai keke zai bi ba tare da ya yi kafaɗa da kafaɗa da tirela ba, da kuma yadda jama'a ke kallon babban mutum a kan keke. Ke da kike aikin asibiti kina da ƙarin abin da wasu ba su da shi: kin san amfanin motsa jiki ga mai hawan jini da mai ciwon suga, kin kuma ga irin raunin da hatsarin titi ke kawowa. Ki yi amfani da wannan, magana a kan abin da mutum ya sani da idonsa ta fi fita a sake.

Game da kalmomi, mutane suna zaton matakin 7 manyan kalmomi ne masu wuyar faɗa. Abin da ya fi tasiri shi ne sanin kalmar da ke tafiya da 'yar'uwarta. Mu muna hawa keke muna kuma tuƙa shi, shi ya sa ake jin "climb a bicycle" ko "drive a bicycle", alhali "ride" kaɗai ke tafiya da shi. Faɗuwa daga kai "fall off" ce, taya ta yi faci "get a flat tyre", ba ta iska "pump up the tyres", ɗaukar wani a baya "give someone a ride". Waɗannan biyar ko shida, in suka zauna a bakinki, sun fi miki kalmomi hamsin na ƙamus da za ki jefa inda ba wurinsu ba.

Lafazi kuma, ki kwantar da hankalinki, ba a neman ki koma Baturiya. Karin harshenki na Bahaushiya ba laifi ba ne muddin ana fahimtarki ba tare da wahala ba. Amma wannan batu na keke cike yake da harafin da ya fi ba mu wuya: "popular", "people", "pedal", "pump", "repair". In "p" ta koma "f", ma'ana tana iya ɓacewa. Ki riƙe 'yar takarda a gaban leɓɓanki. Wajen "p" leɓɓa biyu suna haɗuwa su rufe ruf, sannan iska ta fashe ta kaɗa takardar. Wajen "f" haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa, iska ta zirara. Haka "v" a "village" da "very", haƙori a kan leɓe, kada ta zama "b". Sai ƙarshen kalma. Hausa ba ta saba tara baƙaƙe a ƙarshe ba, don haka "learned" da "walked" da "helped" sukan rasa wutsiyarsu. Illar wannan biyu ce, domin in wutsiyar ta faɗi, mai jarrabawa zai ji kamar ba ki sa aikatau a lokacin da ya wuce ba, sai laifin lafazi ya koma laifin nahawu. Ki kuma lura da inda nauyin kalma yake: a gaɓar farko yake a "popular" da "bicycle".

Yanzu ga amsoshin ƙawarki. Na san da kyakkyawar niyya ta turo, amma kada ki haddace su. Masu jarrabawa an horar da su su gane hadda, kuma ba ta da wuyar ganewa: murya takan daidaita kamar mai karanta allo, ido ya tafi sama, kalmomi su fi ƙarfin sauran maganar mutum. Abin da aka gane haddacewa aka yi ba ya ƙara maki. Ga kuma haɗarin da ya fi wannan: tambayar ba lallai ta zo yadda aka rubuta ta ba. Kin haddace amsar "kin taɓa samun keke", sai a ce miki "wa ya koya miki hawa", ko a bi amsarki da "Why not?" Nan take sai a ga tazarar da ke tsakanin Turancin takarda da naki. Kayan aro ba ya rufe katara. Abin da za ki iya yi da rubutun shi ne ki karanta, ki tsinci kalmomi uku ko huɗu da suka dace da labarinki, ki ajiye sauran.

Wasu sukan ce a ƙirƙiro labari kawai tunda ba a bincike. Gaskiya ne ba wanda zai je unguwarku ya tambaya ko yayanki yana da keke. Amma ni ban ba ki wannan shawara ba, domin mai ƙirƙira aiki biyu yake yi a lokaci guda, yana ƙera labari yana kuma neman Turancinsa, ga tsoron kada a yi masa tambayar da za ta warware zancen. Mai faɗin abin da ya faru aiki ɗaya ne a gabansa.

Wajen atisaye, wayarki ta ishe ki. Ki yi wa kanki tambayar da babbar murya, ki naɗi amsarki ba tare da kin rubuta komai ba. Ki saurara, ki rubuta abin da kika faɗa daidai yadda ya fito, har da kurakuran, sannan ki ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau ki duba lokacinsa. Ki sake amsawa, amma da wasu kalmomin, kada ki maimaita na farko. Gobe ki sauya tambayar: kin fi son keke ko tafiya a ƙasa, yara a unguwarku suna hawa, za ki saya wa 'ya'yanki. Wannan tsari na da, yanzu, da jama'a shi ne za ki tarar a tambayoyin wasanni da kiɗa da karatu da girki, don haka wahalar da kika sha a kan keke za ta yi miki aiki a sauran.

A ɗakin jarrabawa, in ba ki ji tambaya ba ki roƙi a maimaita, ba a rage maki don wannan. A kashi na uku har kina iya neman a fayyace miki abin da ake nufi. In kin ji kin ce "I don't have" a inda ya kamata ki ce "I didn't have", ki gyara sau ɗaya ki wuce, kada ki tsaya ba da haƙuri ko ki koma farkon jimla, yawan komawa baya yana cin makin sakin baki. In kuma mai jarrabawa ya katse ki kina tsakiyar magana, ba alamar kin yi laifi ba ce, lokaci yake kiyayewa. Ki saurari kalmar farko ta sabuwar tambayar, ki gane lokacin da take nema, ki amsa.